Irin Talo-talon Inna

Guelaxe, Oaxaca
14 ga Janairu, 1991

Ƙanena Nemesio,

Ni da Inna da Fidencio muna gaishe ka da kyau. Ina fata sanyin Minnesota bai cinye maka yatsu ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Inna da ta hana ta zuwa coci. Bakinta dai ƙalau yake, kada ka damu.

Ɗana Fidencio ya samu mata. Ofelia ce, 'yar Don Melitón mai injin niƙa. An je tambaya sau uku, a na ukun suka karɓi kyandir da burodin da muka kai. An sa biki Fabrairun baɗi.

Ka san abin da ya hau kaina. Miyar mole ta mutum ɗari uku ba da kaza ake yin ta ba. Ga kuma babban namijin talo-talo da za a rataya wa furanni a yi rawa da shi har ƙofar gidan amarya. Da ransa ake miƙa shi, da shi amarya ke fara nata kiwon, in shekara tara a waje ta mantar da kai. Kai ne kawu, kai ya kamata ka ɗauke shi.

To garken ya ragu. Ƙuraje sun kashe mana tsaki goma sha ɗaya da damina. Saura mata shida da namiji ɗaya, baƙin nan da Inna ke kira Alƙali saboda tafiyarsa. Irin nan kakarmu ta ba Inna ranar aurenta, Inna ta ba ni, bai taɓa yankewa a gidan nan ba ko shekarar da masara ta ƙi.

Na rasa wanda zan zaɓa. Ko in lallaɓa namu baƙaƙen, ko in sayo jajayen nan na kasuwar Tlacolula, ko kuwa fararen da kuke yanka a kamfaninku. Hoton da ka aiko, kana rungume da wani figagge kamar ɗan maraƙi, har yanzu maƙwabta na zuwa kallonsa. An ce akwai mai sayar da tsakinsu a birni. Gaya mini gaskiya: suna kwanci? Suna ƙyanƙyasa? Ni ba naman biki kaɗai nake nema ba, iri nake so.

Yayarka,
Prisca


Minnesota
3 ga Fabrairu, 1991

Yaya Prisca,

Na samu takardarki, na yi murna ƙwarai. Ki gaishe da Inna, ki ce ta riƙa shafa man da na aiko. Ni lafiya, sai kafaɗa. Ki ce wa Fidencio kawunsa zai zo ya yi rawar da ba a taɓa gani ba a Guelaxe.

Yaya, wannan har abin tambaya ne? Talo-talo dubu ashirin ke wucewa ta gabana kullum a rataye, ni nake cire musu ƙirji. Babu wanda ya san tsuntsun nan a garinmu kamar ni. Farin nan wata biyar ya kai kilo goma sha biyar. Na Inna fa? Shekara guda suna yawo a bola, in an fige sai ƙashi da baƙin tsiro, kamar an yanka ungulu. Jajayen Tlacolula ma duk tafiyar ɗaya ce.

Kin ce suna ƙyanƙyasa? To daga sama suke faɗowa? Manyan motoci ke kawo su ba dare ba rana, shekara tara ban ga sun ƙare ba.

Ki sayi fararen. Na sa kuɗin saye a cikin takardar nan. Abu ɗaya kawai, kada ki bari su haɗu da namu, jinin ya lalace ki koma gidan jiya. Ina so ranar bikin nan Don Melitón ya ga abin da zai hana shi barci. Ba shi ne ya ce wa Baba 'ya'yansa ba za su wuce bin jaki ba?

Ƙanenki,
Nemesio


Guelaxe
20 ga Mayu, 1991

Nemesio,

Muna lafiya, ruwa ya sauka da wuri, an yi shuka. Inna ta ce man naka warin asibiti yake yi, amma tana shafawa.

Na bi maganarka. Tsaki ashirin na sayo, biyu suka mutu a mota, sha takwas na nan. Ci gare su kamar fara. Ba su san tsintar ƙwaro ba, ba su san ganye ba, sai abincin buhu, su ci su kwanta a gindin kwanon. Amma girma kam ba a magana. Mata na leƙowa ta katanga, ni kuma ina ta hura hanci, ba zan ɓoye maka ba.

Mai shagon ya ce namu na gida suna ɗauke da cutar da ba ta kayar da su amma tana kashe farare, dole in share gidan. Na yi kwana uku ina juya abin. Ranar idin San Isidro na ba masu hidimar coci baƙaƙen matan nan namu shida aka yi mole da su. Kowa ya yaba, har Fada, limamin cocin, ya ƙara.

Inna ba ta ci ba. Ba ta yi mini faɗa ba kuma, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki Alƙali da kanta, da gwiwar nan tata, ta kai shi bayan rumbu ta ɗaure da igiya a ƙafa. Ta ce wannan nata ne, duk wanda ya taɓa shi ya taɓa ta. Na bar mata. Can take wuni yanzu, tana ba shi ƙullun masara a tafin hannu suna hira. Fararen kuwa ta sa musu suna 'yan hotal.

Ka fara neman izinin tafiya tun yanzu.

Prisca


Guelaxe
9 ga Satumba, 1991

Nemesio,

Kusan wata huɗu ba amsa. In hannunka ne ya karye ka sa wani ya rubuta. Mu dai muna nan da rai.

Akwai abin da ban gane ba. Fararen matan sun fara ƙwai tun watan jiya, manya-manya, amma ko ɗaya ba ta yi kwanci ba. Su saki ƙwan a inda suka ga dama su wuce, wata ma ta taka shi. Na tara goma sha biyu na sa wa kaji biyu. Kwana talatin da biyu ina jira, duka suka zama bara-gurbi. Na fasa ɗaya bayan ɗaya, babu ko ɗigon jini a ciki.

Mazan kuma abin dariya abin kuka. Namiji ya buɗe wutsiya ya yi ta kumbura, in ya zo hawa sai ƙirjin ya tokare shi ya mirgina gefe yana haki. Ɗaya ya yaga wa mace baya. Biyu ƙafafunsu sun lanƙwashe don nauyi, na yanka. Na koma wurin mai shago, ya ce yara ne, in ba su lokaci.

Inna ta ce in kwance Alƙali in sake shi cikin matan nan, mako uku a ga aiki. Na ce Nemesio ya hana a haɗa jini. Ta ce Nemesio ko ƙwan kaza bai taɓa sa wa uwa ba. Muka yi ta yi har na faɗa mata abin da bai kamata ba, na ce zamaninta ya wuce. Kwana shida ba ta ce mini ko sannu ba.

Ga kuma Ranar Matattu na tafe, ranar ajiye wa mamata abinci. Ka san ba a ajiye wa marigayi Baba mole na kaza a kan teburinsa, fararen da suka rage kuma a ƙirge suke don biki. Alƙali ya tsufa, ci kawai yake yi. Na yanke shawara shi zan yanka ranar talatin da ɗaya ga Oktoba. Inna ta ce in dai don mijinta ne ba za ta hana ba, amma in sani daga shi babu wani.

Kai ne kake cikinsu. Ka tambayi waɗanda suka sani. In akwai dalilin da zai sa in bar shi, ka rubuto kafin ranar. In ban ji daga gare ka ba, na ɗauka maganarka ta farko tana nan.

Prisca


Minnesota
3 ga Oktoba, 1991

Yaya,

Ina gaishe ku. Aiki ne ya yi yawa, ki yi haƙuri.

Kada ki yanka Alƙali. Ki karanta wannan sau biyu.

Da takardarki ta zo na nuna wa wani dattijo mutumin Guatemala da muke layi ɗaya, ya taɓa aiki a gonar da ake samar da ƙwan. Ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ce fararen nan ba sa barbara da kansu, ba don yarinta ba, haka aka yi su. An yi ta zaɓen masu faɗin ƙirji har namijin ya kasa hawa mace. Mutane ne ke yi musu da hannu, a tatsi namiji a ɗura wa mace da ɗan bututu, duk mako. Ƙwan kuma inji ke ƙyanƙyashe shi. Ya ce ko shekara goma za ki ba su, tsako ɗaya ba za ki gani ba.

Wallahi ban sani ba, Yaya. Ni a rataye suke zuwar mini, kai a ƙasa. Ban taɓa ganin biyu a tsaye a tsakar gida ba.

Ya ce namiji mara nauyi irin namu zai iya hawan fararen matan, kaza ta kwanta a kan ƙwan. Jinin Inna zai fito ko da rabi ne, in an yi ta zaɓen baƙaƙe a hankali a dawo da shi. Inna ce ke da gaskiya. Ba sai kin gaya mata ni na faɗa ba.

Ki yi wa Baba da fari ɗaya, ba zai ƙi ba.

Nemesio


Guelaxe
11 ga Nuwamba, 1991

Nemesio,

Lafiyarmu ƙalau tunda ka tambaya. Au, ba ka ma tambaya ba.

Takardarka ta iso shekaranjiya, tara ga wata. Alƙali kuwa na yanka shi ranar da na ce. Inna ce ta riƙe masa fikafikai, ta ce ba za ta bari ya ga baƙon hannu ba. Baba ya ci rabonsa, mu ma mun ci namu, ƙasusuwan kare ya kwashe. Kwana tara ke nan tsakani.

Na karanta sau biyu kamar yadda ka ce. Na uku na karanta wa Inna da ƙarfi, har da inda ka ce kada in gaya mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “A tatsi namiji? To su mutanen can, su wa ke yi musu?” Ta yi dariya, ni ma na yi, daga nan ta juya fuska bango. Tun ranar ba ta sake zagayawa bayan rumbu ba.

Na je gidan waya na Tlacolula na zazzage wa matar da ke ba da wasiƙu masifa, na ce wata guda da kwana shida takarda na hanya, jaki ma ya fi su sauri. Ta ce ita abin da ya zo take bayarwa.

Amma kai ma ba ka fita ba. Tambaya na yi maka a fili: suna ƙyanƙyasa? Da ka ce ban sani ba, da me zai ragu a jikinka? A'a, sai ka ce babu wanda ya san tsuntsun nan kamarka. Ashe gawarsa ka sani. Ni kuma da na shekara talatin ina cire tsako daga ɓawo da farcena, na ajiye abin da idona ya gani na bi wanda ya aiko hoto. Wannan shi ya fi ci mini rai, kuma nawa ne, ba zan ɗora maka ba.

Na bi gidajen da Inna ta taɓa ba ƙwai. Na Doña Chabela cuta ta share su bara. Na ƙanwar Baba sun gauraye da jajaye tun tuni, ita kanta ba ta san wane ne wane ba. Babu saura.

Prisca


Minnesota
1 ga Disamba, 1991

Yaya Prisca,

Ina fata Inna ta samu sauƙi. Na ji zafin abin da ya faru, Allah ya sani. Gidan waya ba su kyauta mana ba.

Amma ki sassauta. Ni ban ce ki ba da matan nan shida ba, mai shago ne ya ce. Ban kuma riƙe wuƙa ba. Shawara kika nema na ba ki iya sanina.

Baƙin talo-talo bai ƙare a duniya ba. Ki je Tlacolula ran Lahadi ki zaɓi mace biyu da namiji, ki kawo wa Inna. Da idonta na yanzu ba za ta bambance ba.

Maganar zuwa biki, ba zai yiwu ba. Wannan ne lokacin da aiki ya fi yawa, wanda ya tafi kuma ba a ajiye masa gurbi. In na fita daga ƙasar nan ma, shigowa ba tabbas. Ki ba Hilarión ɗan baffa ya ɗauka a madadina. Ki zaɓi mafi girma a cikin fararen, ko ba komai a ga abin da ba a taɓa gani ba.

Nemesio


Guelaxe
24 ga Fabrairu, 1992

Nemesio,

An yi biki. Ango da amarya lafiya, suna gaishe ka. Mole ya isa kowa har an kai gida, naman dai ba ɗanɗano, kamar ana tauna auduga, amma barkono ya rufa asiri.

Baƙaƙen kasuwa da ka ce, na sayo tun Disamba. Inna ta sa hannu ta shafa wuyan macen, ta saurari kukan namijin, ta ce in mayar wa mai su ko in riƙe, duk ɗaya ne a wurinta. Ta ce namu ba sa kuka da safe sai rana ta taɓa rumbu. Ban taɓa lura ba. Ban yarda in kai wa surukai tsuntsun kasuwa ba, kowa zai gane, don haka na bi shawararka ta ƙarshe.

Kilo ashirin da uku. Muka rataya masa furanni, aka sa masa taba a baki, Hilarión ya ɗora shi a kafaɗa, 'yan badujala suka tashi. Mutane har kan katanga. Na ce a raina to ko wannan na samu. Rana ta take, ga hawan nan na wajen coci, Hilarión na juyi da shi yana haki, tsuntsun ma na haki. Namu in ana rawa da su fisge-fisge suke yi suna kuka, shi ne daɗin abin. Wannan tun daga rijiya ya yi shiru. Na ga kan ya yi shuɗi ya langaɓe, na ce wa Hilarión ya tsaya, kiɗa bai bari ya ji ba.

A ƙofar gidan Don Melitón aka sauke shi matacce. Uwar amarya ta riga ta miƙo hannu biyu. Ta duba, ta mayar da hannuwanta cikin mayafi. Kiɗan ya mutu da kaɗan-kaɗan. Don Melitón bai ɗaga murya ba, cewa ya yi, “Doña Prisca, mu mai rai muka sani. Ko haka ake yi a can Arewa, inda ƙanenki yake?” Wata tsohuwa a bayana ta gicciye kanta ta ce gidan da aka buɗe da mushe sai addu'a. Ofelia ta ji, ta shige ɗaki tana kuka da farar rigarta. Fidencio har yau bai dube ni ido cikin ido ba.

Inna ba ta je ba, ta ce gwiwa.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Jiya ina kwashe takardu daga bayan hoton San Isidro, Ofelia na taya ni. Ta yi makaranta fiye da mu, idonta na kan komai. Ta ɗauki ambulan ɗin takardarka ta Oktoba tana kallon kan sarkin, sai ta ce, Mama, wannan ai ba ta daɗe a hanya ba. Ta nuna mini hatimin gidan wayarku. Ashirin da shida ga Oktoba. A ciki kuwa da hannunka ka rubuta uku ga wata.

Takardunka duka mako biyu suke yi, na fito da su na duba ɗaya bayan ɗaya. Da ka jefa ta ranar da ka rubuta, da ta same ni Alƙali na da sauran mako biyu a duniya. Na je na ci mutuncin baiwar Allah a gidan waya a banza.

Ban gaya wa Inna ba tukuna. Ina ta kwana, Nemesio, kwana ashirin da uku?

Prisca


Minnesota
15 ga Maris, 1992

Yaya,

A aljihun rigar sanyina.

Akwatin wasiƙa na bakin ƙofar kamfani, kullum sai na wuce shi sau biyu. Na san ranar da kika sa, ina ƙirgawa. In na kai hannu aljihu sai in ji muryar Inna tana cewa ko ƙwan kaza ban taɓa sa wa uwa ba, in ga matan da suka zo kallon hotona suna ba juna labari a bakin rijiya. Shekara tara abin da nake da shi a Guelaxe ke nan, ana cewa Nemesio ya san abu. Ba ni da gida a nan, Yaya, mu shida ne a ɗaki biyu. Sai in ce gobe.

Ranar da na jefa ta na san ba za ta iso ba. Ina jin shi ya sa na iya jefawa. Na so a ce na faɗa.

Kada ki karanta wa Inna wannan da bakinki, kin ɗauki abin da ya isa. Na sa wata a ciki da sunanta, ki ba Ofelia ta karanta mata. Matar gidan waya kuma ki ce mata wanda ya yi laifin yana ba ta haƙuri.

Ba sai kin ba ni amsa ba.

Nemesio